Motar Kofur a Filin 'Yan Gwangwan

Na yi shiri tun kafin kiran assalatu, jaka a kafaɗa, amma ba mu bar Gusau ba sai da rana ta fito sosai. Duk wanda ya san hanyarmu ya san dalili, tsoron 'yan bindiga ne. Yanzu direba ba ya kama hanyar Tsafe sai ya ga motoci sun fara isowa daga can. Mu biyu ne, ni da wani tsohon makaniken manyan motoci da na roƙa ya raka ni, mutumin da za ka yi awa uku da shi ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Da zan fito daga gida na sa ƙafa na ture guntun ƙarfen da muke tare ƙofar zaure da shi, na ja ƙofar na kulle. Babu wanda zan yi wa sallama. Uwar 'ya'yana ta rasu bara waccan, yaran kuwa kowa yana garin da aiki ya kai shi.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata a shafin nan ba, bari in faɗi abin da ya tashe ni, ko da yake ba labarin da nake jin daɗin bayarwa ba ne. Mahaifina direban soja ne. Ya bar aiki da igiya biyu da ƙafar hagu wadda ta gajarta bayan wani haɗari, shi ya sa har ya koma ga Allah ba a kiransa da komai a tasha sai Kofur. Da kuɗin sallamarsa ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, aka ɗora mata bodin katako a Sabon Garin Zariya, ya riƙa jigilar auduga da gyaɗa da hatsi tsakanin Gusau da Zariya. Da ita aka ciyar da mu. Ina ɗan shekara ashirin da huɗu ƙafar nan ta tasar masa, ya yi wata biyar kwance a asibiti, ni kuwa na sayar wa wani mutumin Zariya motar ba tare da na gaya masa ba. Kada wani ya yi min uzuri ya ce don magani ne. Shagon atamfa na buɗe, shagon ma bai shekara biyu ba.

Ranar da aka sallamo shi, ya tsaya a ƙofar gida yana kallon baƙin tabon mai a inda motar take kwana. Ya tambaye ni ina take, na faɗa masa. Ya ce, "To." Shi ke nan. Ya ƙara shekara tara a duniya bai sake ɗaga maganar ba, ni ma ban taɓa samun bakin ce masa ya yafe min ba. Shekara talatin da wani abu ke nan ban san abin da ke cikin wannan "to" ɗin ba, kuma abin yana cina.

Makon jiya wani daga cikinku, Allah ya saka masa da alheri, ya turo min hoton wata mota da ya gani a filin 'yan gwangwan a Sabon Gari. Gajeren hanci, dogayen ƙafafu, sitiyari a dama. Ya ce ya ji ranar Alhamis bayan azahar za a yanka ta a loda. Na kira babban ɗana, ya ce Baba ka zauna ka huta mana. Na kira 'yar autata, ta tambaye ni ko ina zan ajiye ta in na saya, ko a falo. Na ɗauko gwangwanin takardun mahaifina, na zaro takardar gwanjon mai ɗauke da lambar shasi, wato ƙarfen ƙasa da ake ɗora kai da bodi a kansa, na naɗe ta a leda. Laraba da safe muna tasha.

Kuɗin mota ba a magana, abin da na biya wa kujera biyu da ya kai mutum Legas ya dawo. Daga Gusau har muka wuce Yankara babu mai cewa uffan a motar sai carbi da ke ta tafiya a hannun mutane. Damina ta yi kyau, masara ta fi mutum tsawo, amma akwai gonaki da yawa a bakin hanya da ciyawa ce kawai ta ci su. Muna hango Funtuwa sai ka ce an kunna rediyo. Kowa ya tuna yana da baki, wata mata ta fara faɗa da direba a kan buhunta da aka danne, wani dattijo ya shiga bayanin siyasa ba wanda ya tambaye shi. A nan muka ci waina da miyar taushe, mai zafi, sai dai wainar ta ƙanƙance har sai da na tambayi mai tuyan ko tandar ce ta motse. Ta ce shinkafar ce ta yi tsada, ba tandar ba.

Bayan Giwa na ga allon Shika, na sunkuyar da kai. A babban asibitin nan uwar 'ya'yana ta cika, kuma tun ranar da muka ɗauko ta ban sake bin hanyar ba. Na yi mata addu'a a raina har muka wuce katangar. Makaniken ya lura, ya miƙo min goro.

Samaru ta cika ta batse. Ɗalibai ta ko'ina, rabin magana Hausa rabi Turanci, kowa da waya a kunne yana tsallaka titi kamar motocin na gidansu ne. Muka sauka a Kwangila, muka hau adaidaita ta bi da mu ta PZ, inda tsofaffin kantunan Turawa suke nan tsaye da baranda, an cika su da kayan waya da na gini. Ina yaro nan mahaifina yake tsayawa ya saya min biskit in mun sauke kaya. Na nemi kantin da ido ban gane shi ba.

Filin gwangwan ɗin yana can bayan layin masu kayan gyaran mota. Tulin ƙarfe ne iya ganinka, tsofaffin gadaje da injin niƙa da ƙofofin motoci, ga wani ƙaton sikeli a tsakiya. Mai filin, wani kakkauran mutum mai fara'a, ina buɗe baki ya ce Bazamfare ne wannan. Na ce masa mota na zo gani. Ya ce, "Ga shi can, Alhaji, yana jiranka." Zazzagawa ke nan, mota ma namiji ce a wurinsu. Ya kuma gaya min tun da wuri cewa shi ba mota yake sayarwa ba, kilo yake sayarwa, kuma gobe bayan azahar masu yanka za su sa mata wuta ko ta wane ce.

Na ƙarasa na gan ta. Tana tsugune a kan duwatsu, taya biyu babu, bodin katakon ya ruɓe ya zube, wata 'yar bishiyar gwanda ta fito ta tsakiyarsa. Ni na tsaya kallo, makaniken kuwa ya buɗe jakarsa ya fara aiki. Ya sa wuƙa ya kankare fentin ƙofa. Shuɗi ne a sama, ƙarƙashinsa ja, ƙarƙashin jan rawaya, can ƙasa kuma ga koren nan na soja mai duhu. Ya nuna min zagayayyar ƙofa a rufin kan motar, wadda aka toshe da falle, inda soja yake leƙo kansa. Ya nuna min ƙugiyar baya ta jan kaya, da ƙaramar giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Sitiyarin dama kuwa ya nuna ta shigo ƙasar nan tun kafin a sauya hannun tuƙi. Ya ce ta soja ce babu shakka, kuma irin kirar ta Kofur ce. Saura a san ko ita ce.

Farantin tagullar da ake bugawa a cikin kan mota mai ɗauke da lambobi babu shi, sai ramukan ƙusa huɗu. Mai filin ya ce ai tagulla ba ta kwana a mota, tun kafin ta iso hannunsa an ɓalle. Sai makaniken ya kwanta a ƙasa da burushin waya, ya yi ta gurzar shasi a bayan tayar gaba har lambar da aka buga a jikin ƙarfen ta fito. Ya karanto, ina riƙe da takarda. Harafin farko daidai, na biyu daidai, daga nan suka rabu. Na sa ya sake karantowa sau uku, kamar lambar za ta ji tausayina ta canza.

Akwai abu ɗaya da na tabbatar da shi. Saboda gajartar ƙafar mahaifina, an yi masa waldar wani dunƙulen ƙarfe mai kaurin yatsa huɗu a kan fedar kuloci, don ƙafar ta riƙa kaiwa. Na hau da ƙyar na leƙa. Feda ce tsirara, duk tsatsa, babu komai a kanta. Ina saukowa ne, raina a jagule, hannuna ya kama wani abu a bayan ƙofar direba. Zoben ƙarfe ne na saƙale buta, bakinsa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Wallahi na san zoben nan. Ni nake cika butar in saƙale ta a ciki duk safiyar da za mu yi tafiya.

Makaniken ya zo ya duba, ya ce, "Alhaji, lamba ba ta yi ba, feda ba ta yi ba. Ba ita ba ce."

Sai na faɗa masa maganar da ba ta dace ba. Na ce na ɗauko shi ya duba min ƙarfe ne, ba ya koya min sanin motar ubana ba. Mutumin nan ya girme ni. Ya tattara kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya ce zai je ya kwana wurin 'yan uwansa a Tudun Wada, ya tafi. Mai filin, da ya ga ciniki na neman kuɓucewa, ya matso ya ce duk Sabon Gari mutum ɗaya ne yake lanƙwasa bakin ƙarfe haka, wani tsohon mai walda da ya daina aiki ya koma Bomo wurin 'yarsa. Ya ce in yana da rai zai raba gardama.

Na koma Samaru ni kaɗai don in kwana kusa da Bomo. Na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, na tura wa babban ɗana sunan wurin a saƙo, na fito na yi magariba a masallacin bakin titi, cikin samarin da ba wanda ya kai rabin shekaruna. Aka sallame kowa ya kama hannun abokinsa suka watse. Yayyafi ya fara, na raɓe a rumfar wata mai gasa masara na sayi guda biyu, sai da na karɓa na tuna ni kaɗai ne. Na zaro waya don in ba da labarin zoben nan, na yi ta gangarawa cikin sunaye, har na iso kan lambar uwar 'ya'yana da har yau ban goge ba. Ita kaɗai ta san abin da motar nan take nufi a wurina, don ita kaɗai na taɓa gaya wa da bakina. Na mayar da wayar aljihu. Kaɗaici ya kama ni irin wanda ban ji ba tun kwanakin zaman makoki. Masara ta biyun na kai wa mai gadin masaukin.

Da safe ina fitowa na tarar da makaniken zaune a kan benci a ƙofar masauki, jakarsa a cinya. Ashe ya kira ɗana ya tambayi inda na sauka. Na ba shi haƙuri, ya ce mu tafi rana na yi. Muka hau acaɓa biyu zuwa Bomo. Hanyar duk taɓo, gonakin masara da waken suya dama da hagu, a tsakaninsu dogayen gidaje masu jerin ɗakuna da aka gina wa ɗalibai. Sau biyu kawai muka yi tambaya. Kowa ya san Baba mai walda.

'Yarsa ce ta fito, malamar makaranta da ta yi ritaya, mace mai kaifin ido. Mutanen kudancin Kaduna ne, Kiristoci, amma Hausar bakinsu ta fi tawa tsabta. Tsohon yana zaune a kan kujerar roba a inuwar mangwaro, idanunsa biyu sun yi fari fat. Ta ce shekara arba'in yana kallon wutar walda ba gilashi, ga sakamakon. Na durƙusa na gaishe shi, na ce akwai wani aikinsa da nake so ya duba min a Sabon Gari kafin azahar. Tun ban rufe baki ba ya fara laluben takalminsa. 'Yar ta ce babu inda za shi, bai karya ba, bai sha magani ba. Ya ce shekara shida ba wanda ya zo nemansa a kan aiki. Ta dube shi, ta dube ni, ta shiga ciki ta fito da mayafi da kwanon kunu. A cikin adaidaita ya sha kunun, tana riƙe masa kwanon tana yi wa direba faɗan ramuka.

Mun isa filin wajen sha ɗaya. Masu yanka har sun jingina tukwanen gas ɗinsu a jikin motar. Na kama hannun tsohon na ɗora a kan zoben. Ya shafa shi daga gindi har bakin lanƙwasar, fuskarsa ta washe, ya ce aikinsa ne. Kafin in gama hamdala ya yi dariya ya ce ai duk direban da ke sallah a tashar Sabon Gari ya yi masa irinsa, kyauta ma yake yi in an kawo masa babban aiki, shi kansa bai san adadinsu ba. Na waiwaya na nemi mai filin, wanda ya yanka motoci masu zoben nan ba iyaka bai gaya min ba. Ya duƙufa yana gyaran sikelin da ba abin da ya same shi.

Na ji kunya, na ji haushi, na ce a raina shi ke nan, na taso tsoho makaho daga gidansa a banza. Sai tsohon ya tambaye ni, "Wai wane ne uban naka?"

"Kofur, Baba. Na Gusau. Mai ɗingishi."

Ya saki zoben. Sannan ya ce, "Ku ɗora ni sama."

Ni da makaniken muka ɗaga shi, 'yar tana cewa a bi a hankali. Bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a ƙasan sitiyari ya lalubo fedar kuloci. Ya daɗe yana murza ta da babban yatsa, tsatsa na zuba. Ya ce in kawo hannuna. Ya kama yatsana ya bi da shi kusurwa huɗu na fedar. A kowace kusurwa akwai ɗan tudu, ragowar walda da aka yanke aka goge. Ido ba ya ganinsu saboda tsatsa, yatsa kuwa yana ji sarai.

Ya ce, "Ni na haɗa wa Kofur, ni kuma na yanke. Kan motarsa ne wannan."

Ya bayyana mana abin da takarda ba ta sani ba. Ya ce su a Sabon Gari ba sa zubar da mota gaba ɗaya. In shasi ya karye a sauke kai a ɗora wa wani, in inji ya mutu a ciro na wata a sa. Shasin motar Kofur ya tsage a hannun mai ita na biyu ko na uku, aka samo na 'yar uwarta aka ɗora kan. Makaniken ya koma ƙarƙashi da tocila, ya fito ya ce gaskiya ne, ga tsofaffin ramukan noti babu komai a ciki, ga sababbi an huda da wuta. Ya ce jiya bai duba wurin ba, laifinsa ne. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana haka ba.

Na tambayi tsohon me ya sa aka yanke ƙarfen. Ya ce direban da sabon mai motar ya ɗauka dogo ne, gwiwarsa na bugun sitiyari, shi ya kawo a cire. Ya ce bai manta ranar ba saboda yana cikin yankan ne Kofur ya shigo garejin, da sanda, ya rame sosai.

Na ce ba zai yiwu ba, mahaifina bai sake zuwa Zariya ba bayan ciwon. Ina faɗa kuma na tuna. Akwai lokacin da ya yi kwana biyu ba ya gida, ya ce ta'aziyya za shi Funtuwa, ya hana kowa raka shi.

Tsohon ya ce Kofur ya hau motar ya zauna, ya riƙe sitiyari. Ya gaya wa sabon direban kada ya matsa mata da safe sai ta ɗumama, kuma ya riƙa taka kuloci sau biyu in zai sauko giya. Direbobi suka taru ana gaisawa. Labari ya riga ya zagaya tasha, sai wani daga cikinsu ya ce Allah wadan ɗan da zai sayar da motar ubansa uban na kwance.

"Kofur ya juyo ya dube shi," in ji tsohon. "Ya ce, 'Ni na aike shi. Kada in sake jin sunan ɗana a bakin kowa.' Mu duka mun san ba haka ba ne, don yana maganar hannunsa bai saki sitiyarin ba. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Da zai tafi ya ce in ba shi ƙarfen da na yanke. Na naɗe masa a takardar siminti."

Ban san lokacin da na zauna a kan ruɓaɓɓiyar kujerar nan ba. Na kifa kaina a sitiyari na yi kuka, ni mai jikoki, a gaban masu yankan ƙarfe. Ba wanda ya ce min in yi haƙuri, kuma na gode musu da hakan. 'Yar tsohon ce kawai ta kori masu leƙe.

Da na natsu makaniken ya ba ni hukuncinsa ba ɓoye-ɓoye. Ya bi shasin da guduma daga gaba har baya, ƙararsa garau, ba tsaga. Injin ba nata na asali ba ne, na dizal ne aka sa daga baya, amma ya sa ƙarfe ya juya shi ya juyu, bai cije ba, kuma babu ruwa a cikin mai. Sifirin biyu na ƙarƙashi masu ɗaukar nauyin kaya sun karye, ana samunsu. Abin da ya mutu shi ne kan motar. Ƙasansa ya cinye har kana hango ƙasa, ginshiƙan ƙofa sun ruɓe, rufin yana yoyo. Ya ce in don a tayar da mota ne, kan ake jefarwa a riƙe sauran. Wato ɓangaren mahaifina kaɗai ne ba shi da amfani. Na ce kan nan ba ya zuwa ko'ina. Ya ce to aikin zai haura shekara, kuma zan kashe abin da ya fi ƙarfin hankali. Na ce na ji.

Mai filin ya kimanta nauyinta ya yi min kuɗin kilo, ya ɗora ɗan abin da ya kira ladan haƙuri. Ban ja ba. Masu yanka suka kwashe tukwanensu, ɗaya yana ƙunƙuni da Turancin buroka cewa an ɓata musu yini. Kafin mu bar wurin na sa makaniken ya kwance min fedar kulocin, na sa a jaka. Muka ci sakwara da miyar agushi a wata rumfa, tsohon ya cinye tasa tas 'yarsa na mamaki, sannan muka mayar da su Bomo. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in an zo waldar kan motar a zo a ɗauke shi, ko ba ya gani zai ji in ana ha'inci.

Rana ta yi nisa, hanyarmu kuwa ba ta yamma ba ce, sai muka kwana a Funtuwa muka ƙarasa Gusau ranar Juma'a da hantsi. Makaniken zai koma da babbar mota ya ɗauko ta. A hanya na yi ta lissafin abin da tafiyar ta koya min. Wanda zai je duba tsohuwar mota kada ya yarda da fenti, kada ya yarda da abin da zuciyarsa ta gane, lambar shasi ma rabin labari take bayarwa. Ya nemi tsohon da ya taɓa ta da hannunsa tun yana raye. Game da mahaifina kuwa, ba zan ce muku na san ya yafe min ba, don bai faɗa ba. Abin da na sani shi ne ya ja ƙafar nan har Zariya, ya rufa min asiri a inda ba na nan, ya dawo gida ya ci tuwo da ni a kwano ɗaya bai ce komai ba.

Tambaya ɗaya ta hana ni sakat tun daga Sabon Gari, ina ya kai ƙarfen? Na bincike ɗakinsa da akwatinsa bayan rasuwarsa, ban ga wani abu a takardar siminti ba. Da wannan tunanin na buɗe ƙofar zaure, na sa ƙafa zan jawo guntun ƙarfen da muke tare ta da shi, sai ƙafar ta tsaya.

Na durƙusa na ɗauke shi. Kaurin yatsa huɗu. Na juya shi, abin da ban taɓa yi ba duk shekarun nan. Fuskar da ke kallon ƙasa sumul take, ta ɗan lotsa a gefe ɗaya, inda takalmin hagu ya yi shekaru yana taka ta. Na zaro fedar daga jaka na haɗa su, kusurwa huɗun suka zauna a kan juna. A zauren nan yake wuni a kan buzunsa, ƙarfen na gefensa, ni kuwa ina shiga ina fita ina ture shi da ƙafa.

Na zauna a dakalin zauren da su a cinyata har aka kira sallar Juma'a. Iska ta turo ƙofar ta rufe, na bar ta a rufe.